Ɗiyar Mai Haƙar Rijiya

Ni ne Nomau, mai haƙar rijiya a ƙasar Anka.
Da harshe nake tambayar ƙasa, ta ba ni amsa:
in lasa yumɓu, in murza marmara a tafin hannu,
in ce a kafa dagi nan, gaba bakwai sai ruwa.

Ige, autata, ita ke tsaya min a bakin rami.
Duk gugan ƙasar da na turo sai ta tsince shi,
ta jera tsakuwa a faifai, ja daban, fara daban,
uwarta na sababi, ita tana ƙirgawa.

Da ta tafi Zariya karatun duwatsu, an sha dariya:
"Dutse ma sai an karanta? Ga shi fal a gona!"
Ta dawo da guduma mai tsinin baki,
da takalmin maza, da taswira a naɗe,
da ɗan madubi a wuya na dubawa.

Kamfani ya ɗauke ta bin jijiyar zinari.
Tun asuba tana kan tudu tana ƙwanƙwasa,
ta ƙulle ɓarɓashi a leda, ta rubuta lamba,
ta auna inda fā ya kwanta da inda ya karye,
rana na gasa ƙeyarta, ba ta kulawa.

Ran wata Laraba ta zo rijiyar gindin tsamiya,
wadda na fi taƙama da ita cikin duk aikina.
Ta cika kwalba, ta kankari ƙasar dandali,
nan inda ake shanya garin dutse, yara na rarrafe.
Bayan sati uku takarda ta iso.
Ta karanta a tsaye, ta ƙarasa da durƙusawa.

"Baba, dalma ce.
Ba ta ɗaci, ba ta wari, ba ta rina ruwa.
Harshenka ba zai kama ta ba.
Tana bin ƙurar niƙa, ta kwanta a riga,
ta shiga tuwo, ta nemi kan jariri.
Ka tuna ɗan Jabbi da yawan sandarewa?"

Na ce aljanu ne. Na ce ƙarya takarda take.
Kwana biyu ban amsa gaisuwarta ba.
A na uku na tarar da ita da jan fenti,
ta kasa ɗaga murfin kankare ita kaɗai.
Na kama gefe guda, hannuna na karkarwa.

Sai ga manaja Tunau da mota mai sanyi,
da rahoto a shirye, sa hannu kawai ya rage:
ƙasa lafiya lau, a ci gaba da wanki.
Ta ce, "Dutse bai taɓa yi min ƙarya ba.
Ba zan ara masa bakina ya fara yau ba.
A ɗauke injin niƙa daga cikin gida,
a kwashe ƙasar sama, a cike ramukan bara,
sannan a kawo biro, ni mai sa hannu ce."
Ya nade takardarsa, ya fita ba sallamawa.

An karɓe motar aiki. Yanzu acaba take hawa,
ofis zuwa ofis, da kwalabenta a jaka.
Wasu na cewa ta toshe wa gari arziki.
Matan da ke tafiyar nesa da tulu
ba duka ke amsa mata sannu ba.
Ta sani. Ba ta fasa gaisarwa.

Makon jiya ta shimfiɗa waya arewa da gari,
can sama da wurin wanki, ta kafa ƙusoshi,
na'urarta ta yi ƙara, ta ce gaba tara.
Na lasa yumɓun wurin, na ce bakwai.
Yau muna gaba shida, ƙasa ta fara sanyi.
Ina ƙasa da dagi, tana sama da kwalba,
kowa na jiran abin da guga zai kawo.
In ya fito, na yi alkawari, ba ni kurɓa
sai ta gama aunawa.